Kwalin da Dogo Ya Bari

Auta: Alo? Salamu alaikum.

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, kai ne?

Auta: Wa ke magana? Layin sai ƙara yake, kamar ana soya abu a ciki.

Yaya: Yau kuma muryata ce ba ka gane ba? Ni na goye ka fa.

Auta: Au, Yaya. Ina wuni? Ki yi haƙuri, injin kwafi ne ke aiki a bayana. Bari in kashe shi. To, yanzu ina jin ki. Ina gajiya?

Yaya: Ba gajiya. Ya shago? Ya iyalin?

Auta: Duk lafiya lau. Ya gidan? Ya ƙafar taki?

Yaya: Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Ya maƙwabcinka mai gyaran agogo, ya warke?

Auta: Ya warke sarai, har ya dawo yana damun mu da rediyo. Ya jikin maigida?

Yaya: Da sauƙi.

Auta: Alhamdu lillahi. An sallamo ku ke nan, tunda ga ki a wayar gida.

Yaya: An sallamo mu shekaranjiya. Auta, tambaya zan yi maka, kai da ka san kan kwamfuta. Bayan akwatin nan, ƙusoshi biyu na kwance amma murfin ya ƙi fita. Ja ake yi ko ɗagawa?

Auta: Wane akwati?

Yaya: Na kwamfutata mana. Tsohuwar nan da ofis suka ba ni da na yi ritaya.

Auta: Me ya kai ki buɗe ta? Yaya, da ita kike buga wa mutane takardu. In ta lalace ki bari sai na zo ƙarshen wata.

Yaya: Ba lalacewa ta yi ba. Modem zan saka mata.

Auta: Me za ki saka?

Yaya: Modem. Haka aka rubuta a kwalin. Ko ba haka ake faɗa ba?

Auta: Haka ne, abin haɗa kwamfuta da layin waya. Amma ke da kike tsoron canza ƙwan fitila? Ina kika samu modem?

Yaya: Ka faɗa mini ja ake yi ko ɗagawa, ba ni da lokacin dogon bincike.

Auta: Kin cire ta daga wuta tukuna?

Yaya: Na kashe.

Auta: Ban ce kashewa ba. Ki zare igiyar daga soket gaba ɗaya.

Yaya: Tsaya. To, na zare.

Auta: Yanzu ki ɗora tafin hannunki a gefen murfin, ki tura shi baya, wajen inda igiyoyi suke. Zai ɗan cije, ki matsa masa.

Yaya: Ya cije kuwa. Bari in danne wayar da kafaɗa. Yauwa, ya zame. Kai, Auta, ƙura. Har da gizo-gizo ya yi ɗaki da falo a ciki.

Auta: Kada ki sa tsumma mai ruwa. Ki hura kawai. Amma me ya sa kike magana ƙasa-ƙasa haka? Da ƙyar nake jin ki.

Yaya: Na jawo teburin ne zuwa baranda ta ciki, kusa da waya. Ƙofar ɗakin maigidan a buɗe take, ya samu barci yanzun nan, ba na so in tashe shi.

Auta: Ke kaɗai kika jawo teburin nan da wannan ƙafar?

Yaya: Da wa zan jawo?

Auta: Yaya, ki gaya mini gaskiya. Me likita ya ce da ya sallame ku?

Yaya: Ya ce mu koma gida.

Auta: Na ji wannan. Sai me?

Yaya: Ya ce ya ci duk abin da ransa yake so. Ya ce kada mu wahalar da kanmu da dawowa asibiti.

Auta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kuma tun shekaranjiya ba ki kira ni ba? Yanzun nan kika ce mini da sauƙi.

Yaya: Me zan ce a gaisuwa? Bakina ya saba. Tun jiya ko shayi ba ya wucewa, sai in jiƙa masa leɓe da cokali.

Auta: Zan rufe shago yanzu. In na samu motar yamma, da safe ina wurinki.

Yaya: Ka taho. Amma kada ka ce in jira ka da aikin nan, don ban ga alamar safiya a jikinsa ba. Ka taimake ni in gama yanzu.

Auta: Mutum na kwance haka kina ta modem?

Yaya: Na ɗana Dogo ne.

Auta: Dogo ya kira?

Yaya: Ina fa. Shekara uku da wata biyu, ko tari ɗan nan bai yi mana a waya ba. Ka tuna ranar da zai tafi aikin jirgin ruwa, ya shigo da wani ɗan kwali?

Auta: Ba na nan ranar. Na dai san sun rabu ba daɗi da babansa.

Yaya: A kan kwalin nan abin ya ƙarasa lalacewa. Ka san uban ya nema masa aiki a wurinsu, wajen ja layin waya, shi kuma ya ce jirgi zai bi. To ana cikin wannan, sai ya ajiye kwalin a tebur, ya ce Baba yanzu layin waya na inji ne, magana da baki ta tsufa. Ka ji fa. Ya faɗa wa mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a kan falwaya, rana da ruwan sama.

Auta: Dogo da baki.

Yaya: Uban kuwa ya miƙe ya ce, tunda haka ne, kada in ƙara jin muryarka a layina. Ya ɗauki kwalin ya cilla saman kabad, ya ce duk wanda ya sauko da shi bai yafe ba.

Auta: Kuma kika bar shi a can.

Yaya: Na bar shi. Ka san shi. Amma ka san me ya yi bayan tafiyar yaron? Ya jawo kujerarsa kusa da wayar nan. Nan yake cin abinci, nan yake gyangyaɗi. In na yi minti uku ina magana da ke... da kai nake nufi, kaina ya ɗaure. In na yi minti uku sai ya ce in ajiye, layi ba na hira ba ne, wani na iya kira. Bai taɓa cewa wane ba.

Auta: Shi ya sa kullum kike katse ni. Ni na ɗauka gajiya kike da surutuna.

Yaya: Har da wannan. To yau da hantsi ya buɗe ido ya ce mini, sauko da kwalin yaron nan. Na hau kujera na sauko da shi. Da na buɗe, sai ga takarda a ninke a ƙarƙashin abin. Ashe kafin yaron ya fita ya faki ido ya saka ta a ciki.

Auta: Rubutun Dogo?

Yaya: Nasa, mai karkacewar nan. Bari in karanta maka, tana aljihuna. Ya ce, Mama, Baba ya ce kada ya ƙara jin muryata a layinsa, zan bi umarninsa, ba zan kira ba. Amma bai hana rubutu ba. Na buɗe muku akwatin imel, ga lambar da za a kira da kalmar sirri a ƙasa. Kawu Auta ya iya sakawa. Duk mako zan rubuto. Adireshina za ku gan shi a wasiƙar farko. In Baba ya huce, ko kalma ɗaya ce ku aiko. In ban ji komai ba, na gane.

Auta: Subhanallahi.

Yaya: In ban ji komai ba, na gane. Ka ji, Auta? Shi yana can yana rubutu, uban yana nan yana gadin waya, ni kuma ina share saman kabad duk Asabar, in ɗaga kwalin in goge ƙarƙashinsa in mayar. Da hannuna. Sau nawa ke nan?

Auta: Kada ki ɗora wa kanki. Ba ki sani ba.

Yaya: Ni ce mai karatu a gidan nan. Shekara talatin ina buɗe ambulan ɗin mutane a ofis, na kasa buɗe kwalin ɗana.

Auta: Kin karanta wa maigidan takardar?

Yaya: Na karanta masa. Ya juya fuska bango. Can ya ce, haɗa abin nan, a ji me ya rubuto. Tun daga nan duk farkawar da zai yi tambayarsa ɗaya, an haɗa? Don haka ka bar ta'aziyya, lokacinta na zuwa. Ga shi na buɗe ciki. Ina zan soke shi?

Auta: To. Kafin ki taɓa komai, ki dafa ƙarfen akwatin da hannunki.

Yaya: Don me?

Auta: Don wutar jikinki kada ta ƙona shi.

Yaya: Wace wuta ta rage a jikina? Na dafa.

Auta: Fito da modem ɗin daga ledarsa. Ki riƙe shi ta gefe, kada ki taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya. Yanzu leƙa ciki, can ƙasa wajen baya. Akwai wasu ramuka dogaye a jere.

Yaya: Duhu ne. Bari in ɗauko tocilarsa. To, na ga baƙaƙe biyu dogaye, da farare uku gajeru.

Auta: Gwada tsawon haƙoran da ido. Da wanne suka yi daidai?

Yaya: Da baƙin... a'a, baƙin ya fi shi tsawo sosai. Farin ne.

Auta: Yauwa. Zaɓi farin da ba komai a kusa da shi. A bayansa, jikin akwati, akwai wani siririn ƙarfe da ya toshe taga, ƙusa ɗaya ce ta riƙe shi. Kwance ta. Da me kike kwancewa?

Yaya: Da sukudirebansa, mai jan hannu. Wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Alo? Auta?

Auta: Ina jin ki, layin ne ya ɗauke kaɗan.

Yaya: Wayyo. Ta faɗa ciki.

Auta: Me ya faɗa?

Yaya: Ƙusar. Ta suɓuce mini. Na ji ƙararta amma ban gan ta ba.

Auta: Dole ki fito da ita. In kika kunna da ita a ciki, komai na iya ƙonewa. Karkata akwatin a hankali ki girgiza.

Yaya: Nauyi gare shi kamar buhu. Tsaya. Ta fito, ta gangara ƙarƙashin kujerarsa. Na taka ta. To.

Auta: Yanzu ki daidaita haƙoran a bakin farin ramin, ƙarfen modem ɗin ya fuskanci tagar da kika buɗe. Ki danna da manyan yatsu biyu, gaba da baya lokaci ɗaya.

Yaya: Ya ƙi shiga.

Auta: Ƙara ƙarfi.

Yaya: Zai karye. In ya karye fa, Auta? Ina zan samu wani a garin nan da yammar nan?

Auta: Ba zai karye ba. Kamar yadda kike danna tsohuwar tafiretarki in harafi ya maƙale. Danna.

Yaya: Bismillah. Ya yi ƙas. Na karya ko?

Auta: Zama ya yi. Kina ganin zinariyar a waje?

Yaya: Ta shige duka.

Auta: Shi ke nan. Ɗaure ƙusar. Murfin ki bar shi tukuna. Mayar da igiyar wuta ki kunna.

Yaya: Tsaya, maigidan ya motsa. Na'am? Ina nan, ban je ko'ina ba. Da Auta nake, yana gaishe ka. An kusa. Na ce an kusa, saura kaɗan. Ka kwanta, zan gaya maka. Alo, kana nan?

Auta: Ina nan. Muryarsa ke nan? Ban gane ta ba.

Yaya: Ita ke nan ta rage. Mutumin da in ya yi magana daga kan falwaya har ƙarshen layi ana ji. Na kunna. Fankar na juyawa, tana watsa mini ƙura a fuska.

Auta: Ba ta lokaci, tsohuwa ce.

Yaya: Duk gidan tsofaffi ne. To, ta tashi. Ta rubuto wai ta ga sabon abu, tana neman faifai.

Auta: Madalla, ta gan shi ke nan. Akwai faifai a kwalin?

Yaya: Akwai, a cikin farar takarda. Na saka. Tana gurnani. In danna gaba?

Auta: Danna gaba duk inda ta tambaya. Kafin ta gama, karanto mini lambar da Dogo ya rubuta, da sunan kamfanin.

Yaya: Sunan ya ɗan goge, amma ga katinsu a manne, mai alamar tauraro shuɗi. Lambar ta fara da bakwai, bakwai, sifiri, huɗu...

Auta: Tauraro shuɗi kika ce?

Yaya: E. Ka san su?

Auta: Ƙarasa lambar.

Yaya: Ɗaya, tara, biyu. Me ya faru? Muryarka ta canza.

Auta: Ba komai. Bari in gwada ta a wayar hannuna. Ki ci gaba da dannawa.

Yaya: Ta ce an gama, wai abin yana aiki daidai. Auta, ka ji? Ni na saka modem. Da yana da ƙarfin dariya da ya yi mini. Yanzu ga ramuka biyu ƙanana a bayansa, ɗaya da hoton waya, ɗaya da hoton wani abu kamar soket ɗin bango. Wanne ne? Auta? Alo? Kai, layin nan.

Auta: Ba layi ba ne, Yaya. Ina jin ki.

Yaya: To yi magana.

Auta: Ki zauna tukuna.

Yaya: A zaune nake, a ƙasa ma. Faɗi.

Auta: Kamfanin nan ya rufe. Ya fi shekara da rufewa. Na san su, na sha saka wa mutane layinsu. Na ce bari in kira ko wasu sun karɓi lambar. Murya ce ta amsa, ta ce babu wannan lamba.

Yaya: Ka sake kira. Ƙila ka yi kuskure a tara ɗin, yadda nake faɗar ta.

Auta: Sau biyu na kira.

Yaya: To wasiƙun fa? Ai suna wani wuri. Ko gidan waya in ya rufe ba ya ƙona wasiƙun mutane, ana kai su babban ofis.

Auta: Wannan ba haka yake ba. A injinsu suke ajiye. In an kashe injin an sayar, sun tafi.

Yaya: Duka?

Auta: Duka.

Yaya: Har ta farkon, mai adireshinsa?

Auta: Har ita.

Yaya: Duk mako, ya ce. Ko shekara ɗaya kawai ya yi yana rubutu kafin ya gaji, hamsin da biyu ke nan. Ko layi ɗaya ba zan gani ba?

Auta: Yaya, ki saurare ni. Gobe zan nemi kamfanin jirgin. Dole suna da ofis, dole akwai wanda ya san inda yake. Zan same shi, na yi miki alkawari.

Yaya: Gobe.

Auta: Ko jibi. Ba zan huta ba.

Yaya: Na yarda za ka same shi. Ka same shi ka gaya masa an binne ubansa. Ni yanzu nake magana, Auta. Nan da minti goma zai buɗe ido ya ce an haɗa? Me zan ce masa? In ce an haɗa, amma ka makara da shekara ɗaya?

Auta: Ki ce masa layi ne ba kyau, a bari sai da safe.

Yaya: Shi za a gaya wa layi ba kyau? Shi ya ja layin gidan nan da hannunsa. Kuma in na ce sai da safe, zai gane abin da nake nufi.

Auta: To ban san me zan ce ba. Wallahi ban sani ba.

Yaya: Da ban sauko da kwalin ba ma ya fi. Da ya tafi yana fushi, da fushin ya riƙe shi. Yanzu na cire masa fushin, ban ba shi komai a madadi ba.

Auta: Kada ki yi kuka da ƙarfi, zai ji.

Yaya: Na sani. Na iya na shiru, na daɗe ina yi. Auta.

Auta: Na'am.

Yaya: Abin nan in ya haɗu, kuka yake yi ko? Irin na injin faks ɗin ofishinmu, mai tsiwa, kamar ana jan ƙarfe a siminti.

Auta: Haka yake. In wani modem ya amsa a can, sai su yi ta wannan kukan kamar rabin minti.

Yaya: In ba wanda ya amsa fa?

Auta: Sai dai ki ji muryar nan mai cewa babu lamba.

Yaya: Kai kana da modem a shago?

Auta: Ina da shi a kwamfutar gwaji. Me ya... a'a, Yaya.

Yaya: Ban faɗi komai ba tukuna.

Auta: Na san inda kika dosa. A'a.

Yaya: In na sa lambar shagonka a maimakon tasu, naka zai amsa?

Auta: In na saita shi zai amsa. Amma ba abin da zai fito miki a allo. Kuka kawai za su yi, can su yi shiru.

Yaya: Allon nawa ne. Shi idonsa ko ƙofa ba ya kaiwa yanzu. Kunnensa ne bai mutu ba. In ya ji kukan nan, zai san an haɗa. Sauran ka bar mini.

Auta: Ki karanta masa wasiƙar da babu?

Yaya: Akwai ta. An rubuta ta, ba mu karɓa ba ne.

Auta: Ƙarya za mu yi wa mutum a kan gadon mutuwa, Yaya. Ni ban iya ɗaukar wannan ba.

Yaya: Ni zan ɗauka. Kai injinka kawai zai yi kuka. Ka gaya mini wace ƙarya ce a ciki. Dogo bai rubuto ba? Ya ce duk mako, kuma yaron nan ko alkawarin wanke kwano bai taɓa saɓawa ba. Bai gaishe da ubansa a ciki ba? Bai nemi gafara ba? Ni na haife shi, na san abin da ya rubuta. Kalmomin ne kawai ban gani ba.

Auta: In Dogo ya dawo ya ji fa?

Yaya: Zan gaya masa da bakina. Zan ce na ari bakinka na minti biyar, ubanka ya tafi da shi. In ya ga na yi laifi, ya yi fushi da ni. Ni ina da sauran lokacin jiran ya huce.

Auta: Kai, Yaya.

Yaya: Shekara talatin ina buga wa mutane wasiƙa. Wani ya zo ya ce rubuta wa ɗana kaza, bai san yadda zai faɗa ba, ni nake nemo masa kalmomi, ya sa hannu ya tafi yana godiya. Ba wanda ya taɓa ce mini maƙaryaciya. Yau nawa gidan ne ya zo layi.

Auta: Akwai matsala ɗaya. Kafin kukan, modem ɗin zai buga lambar a fili, ana ji. Maigida yana ƙirga lamba da kunne. Kin manta yadda yake zaune a ɗaki ya ce miki, Auta kike kira kuma? Ya san lambar shagon nan kamar sunansa.

Yaya: Ban manta ba. Daga ina sautin ke fita?

Auta: Daga jikin modem ɗin, wani ɗan baƙin abu zagayayye kamar maɓallin riga.

Yaya: Na gan shi. Murfin ai a buɗe yake. Zan danne shi da babban yatsa har lambar ta gama fita, in ya fara kukan in saki.

Auta: Bakin ramin kawai za ki toshe, kada ki taɓa sauran. Ɗaya hannun ki dafa ƙarfen akwati.

Yaya: Ka yarda ke nan.

Auta: Ban ce na yarda ba. Ina gaya miki yadda ba za ki ƙona abu ba ne.

Yaya: To, Allah ya yi maka albarka da rashin yardar taka. Ina zan rubuta lambar?

Auta: Faifan ya saka miki wani ɗan hoto a allo, mai waya da kwamfuta. Buɗe shi. Akwai gurbin lamba a ƙasa. Sa ta shago, da lambar garin da nake a gaba. Gurbin suna ki rubuta duk abin da kika ga dama.

Yaya: Na rubuta Dogo.

Auta: Ki ba ni minti biyar in saita nawa. Layi ɗaya ne da ni a nan, sai na ajiye wannan. Ke ma dole ki zare igiyar daga wayar ki kai ta bayan kwamfuta. Kina zarewa mun rabu.

Yaya: Shekara uku ba a taɓa zare igiyar nan ba. Ko goge tebur zan yi sai ya ce a kula da ita.

Auta: Me za ki ce ya rubuta?

Yaya: Zan fara da yadda yake fara komai, Baba kada ka ce na cika surutu. Sai in ce jirgin babba ne, abinci ba daɗi, yana tuna shayin babansa. In ce akwai wani tsoho mai gyaran wayoyin jirgin, kullum in ya gan shi a kan tsani sai ya tuna gida. In ce maganar da na faɗa ranar nan, ban san abin da nake faɗa ba. Daga nan ban sani ba. In muryata ta kai can, sauran zai zo.

Auta: Ki ce ya ce har yanzu sukudireba mai jan hannu yake nema a kasuwa, bai samu irinsa ba. Ya taɓa gaya mini haka da gaske.

Yaya: Da gaske?

Auta: A shagon nan, yana tsaye inda nake.

Yaya: To ka ga, ɗaya ta iso. Tsaya, ya farka. Na'am? E, an haɗa. An haɗa, na ce. Yanzu za ka ji da kunnenka, ka ɗan yi haƙuri. Auta, kana ji?

Auta: Ina ji.

Yaya: In wayarka ta yi ƙara, kada ka ɗauka da hannu. Kada ka ce alo. Ko tausayina ya kama ka, ka bar injin ya amsa.

Auta: Ba zan taɓa ba. Daga nan tasha zan wuce. Yaya, ramin mai hoton bango ne fa, ba mai hoton waya ba.

Yaya: Na gani.

Auta: In ya ƙi, ki mayar da igiyar ki kira ni, kada ki zauna ke kaɗai da...

Yaya: Yana miƙo hannu. Zan zare.

Auta: Ki gaishe shi, ki ce masa ni ma ina...